Matata ta ga katin Baba, ta ƙi faɗa mini

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni direba ne. Matata kuma shekara tara ke nan tana aiki a ɗakin ajiye katin marasa lafiya na wani asibiti. Wata biyu da suka wuce na lura Babanmu yana ramewa, har agogo yana zame masa a hannu. In ka tambaye shi sai ya ce ciwon ƙafa ne, ya canza zance. Makon jiya na kai fasinja asibitin, sai na hango shi a kan benci da takarda a hannu, ya sunkuyar da kai. Bai gan ni ba.

Da na koma gida na tambayi matata. Ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce lallai katinsa ya biyo ta teburinta, amma abin da ke ciki ba nata ba ne balle ta ba ni. Wai dokar gwamnati ta hana, kuma yanzu duk wanda ya buɗe bayanin mara lafiya, kwamfuta tana rubuta sunansa. Na ce ai kwamfuta ba ta jin hirar miji da mata. Ta ce ita ta sa hannu za ta riƙe amana, kuma ba don kwamfuta ta sa ba.

Anti, mu a danginmu in kana da naka a asibiti, kafin likita ya ajiye biro gwaggo ta ji. Na yi fushi. Kwana uku ba na cin abincinta, a tasha nake ci, ga shi ba daɗi.

Amma wallahi ko cikin fushin tana burge ni. Shekara huɗu muka yi ba haihuwa, gwaji ya nuna matsalar tawa ce, Innata ta sa ta a gaba da gori, amma matata ba ta taɓa buɗe baki ba har Allah ya ba mu. Sai dai wannan ubana ne. Ina tsoron in rasa shi, matata ta sani ni ban sani ba. Yaya zan yi?

Direba mai damuwa

AMSA

Malam Direba, tsoronka tsoron ɗa ne, ban ga laifinka ba. Amma ka koma ka ci abincin matarka.

Dokar nan don irin Baba aka yi ta. Mutane nawa ciwo ya cinye a ɗaki don gudun kada labarinsu ya riga su isa gida? Ina zaton Baba bai yarda ya zauna a bencin asibitin da surukarsa ke aiki ba sai don ya san ba ta da sakin baki. In ta faɗa, aikinta ya shiga haɗari, shi kuma yana iya daina zuwa. Doka a takarda take, irin matarka ne ke sa ta aiki, kuma na jinjina mata.

Mutum ɗaya ke da ikon faɗa maka: Baba. Je ka same shi kai kaɗai, ban da gwaggo. Ka ce ka gan shi a benci, kuma ranar komawa kai za ka tuƙa shi. In ya so, shi da bakinsa zai ce wa likita a yi maka bayani. In bai so ba, ka kai shi, ka jira a mota, ka dawo da shi gida.

Shekara huɗu ta sha gori saboda katinka, ba ka kira shirunta taurin kai ba. Shirun da ya rufa maka asiri ne yau ya rufa wa mahaifinka. Allah ya ba Baba lafiya, ya bar ka da ita.