Romon Dela

Litinin, 1 ga Yuli, 2024

A ofis sun dawo min da dosiye, takardun neman aikina. Matar da ke kan tebur ta bi takardar neman aikin da jan biro, ta juya wa abokiyar aikinta, suka yi ta dariya. Abokiyar ta tambaye ni da Fillanci ko a kasuwar shanu na koyi Faransanci. Digirina na Hausa daga Zariya ko buɗe shi ba su yi ba. Mai jan biron ta ce, "Mesiye Mahfuzu, nan Kamaru ce." Na hau kalando, babur ɗin haya, na dawo Yelwa, ruwa ya yi min dukan tsiya a hanya.

Baba bai tambaya ba. Cewa kawai ya yi in ba ni da abin yi gobe, in zo in riƙe masa igiyar bijimi.

Laraba, 3 ga Yuli

Taufiƙ ɗan kawuna ya sa ni admin a gurup ɗinsa na Watsaf, Zauren Hausawan Garwa. Mahauta, dillalan shanu, 'yan kasuwa, matan aure, kowa na ciki. Rubutun kuwa abin takaici. "Sannoukou." "Ina kouana." "Tchikin gari." Harshen iyayenmu sanye da rigar Faransa, ko harafi ɗaya mai ƙugiya babu. Na yi magana, Taufiƙ ya ce in dai an gane, shi ke nan, ba jarrabawa ake ba. Na ce a ofis ba sa yafe mana wasali ɗaya na harshensu, sai namu ne za a yi wa riƙon sakainar kashi? Ba wanda ya tanka.

Alhamis, 4 ga Yuli

Yau na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Akwai wata Dela, 'yar Kolofata. Mijinta ya mutu a tashin hankalin can, ta zo Garwa da 'ya'yanta mata, tana sayar da romo a bakin kwata. Mahauta da 'yan kalando ne masu cin abincinta. Da safe ta sa hoton tukunyarta ta rubuta: "Yaou akoi romon kashi mai zafi."

Na amsa: "Kashin wa, Hajiya? Na mutum ko na saniya? Wanda ake tauna ƙashi ne, da ƙugiya. Wanda kika dafa a masai ake ajiye shi."

Gurup ya kama da wuta. Mutanen da jiya suka yi banza da ni, yau har da masu kira na Furofesa. 

Asabar, 6 ga Yuli

Ishaku mai gyaran waya ya yi sitika da fuskar Dela, ƙudaje suna zagaye tukunya. Ni ba ni na sa shi ba. Amma ta yi kyau, na tura wa abokaina na Zariya.

Talata, 9 ga Yuli

Da ta yi shiru da ya fi mata. Wai ta zo kare kanta: "Wallahi karya tche, abintchina mai tsabta ne."

Yaya zan yi? Ita ta ajiye min a faranti. Na rubuta: "Karya ce? To mu dai ba mu faɗa ba, ke kika faɗa da bakinki. Haushi kawai ya rage."

Ishaku ya turo muryar kare. Wani ya ƙara da nasa.

Taufiƙ ya kira ni. Wai matar nan Babarbariya ce, Hausa harshenta na uku, rubutun ma 'yarta Halime ce ta koya mata. Na ce to sai ta yi tallar da Barbarci. Ya ce, "Ka ji tsoron Allah, Mahfuzu." Na ce ina jin tsoronsa da ƙa'ida. Ya kashe.

Fa'iza ta ajiye min tuwo a bakin ƙofa kamar na baƙo. Ƙanwata ce, amma ta fi son matar kwata.

Juma'a, 12 ga Yuli

Yau kalmomi sun fara zuwa da ƙugiyoyinsu. Har dillalan shanu. Tsoro malami ne.

Litinin, 15 ga Yuli

Abin ya canza kama. Waɗanda ba sa karatu labarin ya iso musu ta baki, cewa wai an ga ƙazanta a tukunyar Dela kuma an sa hoton a waya. Masu duba tsabta sun je ranar Asabar, sun buɗe tukwanen, ba su ga komai ba, suka tafi. Amma an gan su a wurin, shi ke nan.

Hamadu mahauci, wanda yake sayar mata da ƙasusuwa, ya faɗa wa Baba a kasuwa cewa jiya da romonta ta koma gida, ta raba wa maƙwabta, wasu ma suka ƙi karɓa.

Ni me ya shafe ni da jahilcin mutane? Harafi na gyara. Ban ce akwai komai a tukunyarta ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Ta zo gidanmu.

Bayan la'asar, ina zaure. Gajeriya ce, ta fi yadda nake zato tsufa, hannayenta duk tabon wuta. Ta durƙusa ta gaishe ni da "Malam", ni da ta kusa haifa. Hausarta da nauyin Barbarci, amma babu abin da ban gane ba.

Ba faɗa ta zo yi ba. Da faɗan ne da na ji daɗi. Wayarta ta miƙo min, gilashin a fashe, an naɗe bayan da roba. "Malam, ka nuna min harafin nan. Na nema, Halime ta nema, ba mu gan shi ba. In na rubuta daidai, sai ka gaya musu su bari."

Na karɓa na duba. Babu shi. Wayar Faransanci take ji kawai. Abu ne na minti kaɗan in sa mata, na san yadda ake yi.

Ishaku da wasu suna zaune a benci a waje, suna leƙowa, sun yi tsit suna jira. Na miƙa mata wayar na ce, da ƙarfi yadda za su ji, "Ba a waya matsalar take ba, Hajiya. A kai take."

Suka fashe da dariya. Ta karɓi wayar. Sai ta ce, "To, na gode, Malam." Ta miƙe. A bakin ƙofa takalminta ya tsinke, ta cire ta riƙe a hannu.

Inna ta ji komai daga tsakar gida. Ta aiki Fa'iza ta bi ta da silifa.

Na ci abinci sosai. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Fa'iza ta ce yara suna bin Halime da haushin kare in ta je ɗiban ruwa a famfo. Shekaranjiya ta fasa wa wani baki da bokiti, uwar yaron ta je ta zage su tas a gaban jama'a, har da cewa su koma inda suka fito. Fa'iza ta tsaya a kaina tana faɗa min kamar mai kawo sammaci. Na ce ta rufe min ƙofa in ta fita.

Gurup ya koma saƙon murya. Ba mai rubutu sai ni da Ishaku. Taufiƙ ya ce na mai da zaure maƙabarta. Na ce gara shiru da shirme.

Lahadi, 28 ga Yuli

"Dela ta fita." Haka wayar ta nuna a gurup, layi ɗaya. Ishaku ya sa sitikar a ƙarƙashi. Wannan karon mutum biyu ne suka yi dariya.

Juma'a, 2 ga Agusta

Bayan masallaci na miƙa wa Hamadu hannu, ya ba ni 'yan yatsu. Ya ce Dela ta sayar da tukwanenta, za ta Bibemi wurin wani ɗan'uwan mijinta, aikin gonar auduga ita da yaran. Halime ba za ta koma lekol, wato makaranta, ba in an buɗe. Ya ce, "Mu dabba muke yankawa, Malam, kuma muna wasa wuƙa don kada ta wahala." Na ce masa ba ni na kore ta ba. Ya ce shi ma bai ce ba.

Da na biyo ta tasha na hango su. Ba nemansu na je yi ba, hanya ce. An ɗaure musu katifa a saman mota, Halime na riƙe da ƙaramar a cinya. Dela ta gan ni. Ta ɗan rusuna daga inda take zaune, irin gaisuwar da ake wa malamai.

Da ta zage ni mana.

Asabar, 10 ga Agusta

Kwana nawa ina bin Baba kasuwar shanu. Taɓo har gwiwa. Na iya riƙe igiya yanzu. A bakin kwata wani mai shayi ya kafa tebur a wurin da murhunta yake, duwatsun ma bai kawar ba.

Ba na barci sosai. Sauro ne.

Litinin, 19 ga Agusta

Wani Saleh, direban babbar mota, ban san shi ba, ya yi rubutu a gurup da hantsi. Ɗansa ya faɗa kogin Binuwai wajen wanka, sai yau aka ga gawar. "Dana ya rassou, djana'iza karfe houdou, kou yafe mishi." Kusan babu kalmar da ke daidai.

Ishaku ya riga kowa. Ya jera masa gyara, ɗana, rasu, jana'iza, ƙarfe huɗu, ya kira sunana a ƙarshe: "Furofesa, na ci?"

Na goge saƙonsa. Ya sake sawa, na cire shi daga gurup ɗin. Ya kira ni yana huci, wai ba ni na koya masa ba? Na ce gyaran nasa ne ba daidai ba, kuma ba na son aikin ha'inci.

Na je jana'izar. Ba don komai ba, Baba ne ya ce in wakilce shi. Ashe Saleh dogo ne, ya riƙe hannuna da hannu biyu, bai san ko ni wane ne ba.

Gyaran Ishaku daidai ne, duka.