Yaya, Bayan Ramin Sedgefield, Wani Ramin Kuma?

Zuwa ga yayana Idi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Maraɗi. Yaya ƙafar? An ce har yanzu tana damunka idan gari ya yi sanyi. Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ta wannan dandali da ƴan garinmu ke taruwa ne don na gaji da kiran wayar da ba ka ɗauka. Idan Inna ta miƙa maka tata, ina jin takunka kana fita daga ɗakin, har jan ƙafar ina ji. To, ga ta a bainar jama'a. Na san ba za a rasa mai son gulmar da zai karanta maka ba, kuma tun yanzu ina yi masa godiya.

Inna ta gaya mini ka sayar da babur ɗinka, kana shirin bin wasu samari zuwa ramukan zinariya can wajen Tera. Tsoro nake ji, Yaya, kuma ba zan ɓoye ba.

Ka tuna yadda zancen ramin farko ya faro? Kana wankin motoci a wurin sayar da motocin nan na titin High Point Road, nan Greensboro a Amurka, sai wani tsohon Bature mai zuwa shan kofi wurin maigidanku ya ba ka labarin wani ramin zinariya da aka rufe bakinsa lokacin yaƙin basasarsu. Wai masu shi sun tafi yaƙi ba su dawo ba. Shi hirarsa kawai yake yi. Kai kuwa ka dawo gida ko tuwo ba ka kalla ba.

Ni ka ɗauka aiki ba albashi, tunda ni ce mai Turanci da lasin tuƙi. Ranakun hutun da ya kamata in yi barci bayan aikin kula da tsofaffi, a laburaren tsakiyar gari suka ƙare. Ina murza na'urar da ke nuna tsoffin jaridu har kaina yana juyawa, kai kana tsaye a bayana kana ta "Mi ya ce? Mi ya ce?" har ma'aikaciyar wurin ta ɗora yatsa a baki. Muka je ofishin ajiye takardun filaye, muka yi ta bin wani rafi daga wannan taswira zuwa waccan, don sunansa ya sauya da sauyawar masu gonar. Kuma ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya, an haƙi zinariya da tagulla a yankin. Na ji daɗin kwanakin nan. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin ka miƙe kafaɗa haka ba.

Sai muka koma shiga daji ranar Lahadi, ranar da maharba barewa ba sa fita. Mu wuce gidajen unguwar Sedgefield da filin wasan golf ɗinsu, mu ajiye mota, mu bi rafi. Kana ɗaga farin dutse kana juya shi a rana, kana nuna mini tudun da bishiyoyi suka rufe kana cewa, "Wannan hannu ya tara shi." Na nuna maka allon da aka kafa a jikin itace cewa kada a shiga. Ka ce, "Daji na Allah na, Hadiza." Na ce a nan ko kududdufi yana da mai shi, ka yi mini dariya.

Ranar da muka sami ramin, an kwana biyu ana ruwa, ganye ya zube, sanyi ya sauka. Ka yi abin da Baba ya koya maka, Allah ya jiƙansa, shi da ya ƙare rayuwarsa yana haƙa wa mutane rijiya. Ka kunna fitilar ƙwai, ka zura ta da igiya. In ta mutu, iskar ciki guba ce, in ta ci gaba da ci, a shiga. Ta ci gaba da ci. Ka ɗaura igiya a itace, ka cire takalmi, ka yi bismilla, ka sauka kana laluben wurin takawa da yatsun ƙafa kamar yadda ake yi a gida. Amma rijiyar Baba busasshiyar ƙasa ce mai tauri. Wannan jan yumɓu ne da ya sha ruwa, katakon da ke tokare da shi kuwa ya girmi kakanmu. Fitila iska kawai take gwadawa. Na ji ƙarar karyewa, igiya ta saki, sannan na ji ka faɗa ruwa.

Na kwanta rub da ciki a bakin ramin ina kiran sunanka. Abin da ka fara faɗa ba "na ji ciwo" ba ne. Cewa ka yi, "Kak ki kira ƴan sanda! In sunka zo, se fini, shi ke nan, gida za su maishe ni. Kira Alhaji!" Na kira Alhaji Musa, babbanmu na masallaci, wayar ta yi ta ringi, yana bakin aiki a kamfani. Na sake kira. Ruwan ya kai maka ƙugu, ƙafa ta karye, ba ka iya kamo igiyar. Da farko zagina kake yi. Sai ka koma salati. Sai harshenka ya yi nauyi, kana jan kalma ɗaya kamar mai barci. Aikina ya koya mini abin da wannan ke nufi a jikin wanda sanyi ya shiga. Na san bizarka ta daɗe da ƙarewa, na san abin da zai biyo baya. Na danna 911, lambar neman agajin gaggawa.

Ƴan kwana-kwana suka ciro ka, ƴan sanda na tsaye tare da mai filin. Ka dube ni sau ɗaya, ka kau da kai. Daga asibiti sai kotu kan shiga filin mutum, daga kotu sai hannun ma'aikatan shige da fice, daga nan sai jirgi. Tun bakin ramin nan ba ka ƙara ce mini uffan ba.

Har yau akwai masu cewa da na ƙara haƙuri kaɗan, da Alhaji ya zo da mutane an gama a rufe. Masu faɗin haka ba su ji muryarka a ranar ba, ni na ji. Ba gafara na zo nema ba. Da za a maimaita, zan kira su tun kafin ka gama zagin farko.

Amma ina kewarka, Yayana. Kai ka tarye ni a filin jirgi da wata rigar sanyi da ta kai mini gwiwa, kana rantsuwa haka ake yayi. Har yanzu ban iya tuƙa tuwon mutum ɗaya ba, kullum sai ya yi saura. Na san ba zinariya kaɗai kake nema a Tera ba. So kake ka rufe bakin masu cewa Idi ya je Amurka ya dawo da sanda. Na san yana yi maka zafi. Sai dai ramukan can ba su da lambar da ake kira, kuma samarin da za ka bi ba wanda zai ƙi jin maganarka don ya cece ka.

Don haka ka ji. Na yanki tikiti, zan iso kafin Babbar Sallah. Ba sai ka tarye ni ba, ba sai ka amsa sallamata ba. In zagi ne, ka tara shi duka ka zuba mini a tsakar gidan Inna, zan zauna in saurara har ka gaji. Abu ɗaya nake roƙo: in tarar da kai a bisa ƙasa.

Allah ya tsare mini kai, ya sanyaya zuciyarka, ya buɗa maka arzikin da ba sai ka sauka ƙarƙashin ƙasa ba. Allah ya jiƙan Baba, ya ja da ran Inna ta ga mun ci a kwano ɗaya. Amin.

Ni ce ƙanwarka,
Hadiza
Greensboro