Ganyen da Aka Shanya a Kan Kwano

Ambuya, kakata,

Ina gaisuwa. Yaya gwiwar? Yaya mutanen Chipinge? Ni lafiya lau nake a Pretoria, abinci ne dai ba ya shiga.

Ganyen da kika ba ni ya kashe ƙwayar cutar maƙero a ɗakin gwaji. Amma da na gwada wanda Kawu Tichaona ya aiko, ko gezau ba ta yi ba. Ashe a kan kwanon rufi, cikin rana, ya shanya shi! Jiya malamina ya ce, "Ki maimaita sakamakon kafin ƙarshen wata, ko in ɗauka ƙarya kika rubuta."

Don Allah ki tsinko da hannunki, ki busar a inuwa, ki ba direban bas. Ranar da kika ce ganye ba ya son rana in ya bar uwarsa, dariya na yi. Yau ba na dariya.

Jikarki,
Ruvarashe