Sunan da Bakina Bai Taɓa Ɗauka Ba

Zuwa ga 'yata ta fari, Maimunatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci ya haskaka shi, ina sanar da ke cewa muna nan Sintali yadda kika bar mu. Innarki tana fama da gwiwa amma tana tashi. Mijinki yana zuwa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. 'Yarki ta cika shekara ɗaya da wata takwas. Haƙoranta goma sha biyu, da kaina na duba, har ta gatsa mini yatsa.

Kin ga abin da na rubuta a sama. Layin nan ɗaya ya fi duk sauran wasiƙar cin lokacina. Na san cikin masu karantawa akwai tsararrakina da za su ce tsohon nan ya zubar da kunya. Su faɗa. Da ke nake magana.

Ba sai na koya miki al'adarmu ba, a cikinta kika tashi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an san da shi. Haka mahaifina ya yi wa yayana, haka na yi miki. Ana yaye ki aka kai ki Sunkani wurin goggonki, ba ki dawo ba sai da kika kai shekara tara. In ina jin ƙishi sai in dubi bango in ce, "A ba ni ruwa," ke kuma ki kawo. In baƙo ya tambaya 'yar wa ce, sai in ce ta gidan nan ce.

Lokacin da na shiga ajin yamma na manya, ina masinja, furfura ta riga ta fito, nakan bar littafina a kan taga. Washegari in tarar an gyara mini baƙaƙen da na juya musu baya, da fensir, a hankali yadda malami ba zai gane ba. Ban taɓa tambaya ba, ba ki taɓa faɗa ba.

Ranar da jikinki ya rikice, kwana huɗu da haihuwa, na zo asibiti na tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Kina kallona. Na dubi innarki na ce, "Yaya mai jikin?" Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin la'asar kin tafi.

Ranar suna mijinki ya ce a mayar wa jaririyar da sunanki. Kowa ya ce madalla, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin wa zai riƙa kiransa. Ni da innarki aka bar wa riƙonta, mu kuwa kin san bakinmu. Ni ina ce mata Amarya, irin wasan kaka da jika. Innarki tana ce mata Mai-suna. Ubanta ba ya iya furta shi sai idonsa ya ciko, don haka yake ce mata Bebi. A haka muka zauna, kowa yana kewaye sunan kamar rijiyar da ba ta da murfi a tsakar gida.

Kwanakin baya mijinki ya ce an buɗe wani wurin wasa na jarirai da 'yan tatata a cikin gari, ya sa sunanta, za a riƙa kai ta duk Asabar. Asabar ta farko aka tura shi aiki wajen gari, innarki kuma ba ta iya hawa bene, wurin kuwa a sama yake. Sai na sa babbar rigata na ɗauke ta, muka hau keke napep. Mai keken ya ce, "Baba, kai da amarya ina zuwa?" Na ce makaranta za mu, ita ce malamar.

Da kin ga wurin nan. Ɗaki ne babba, a bakin ƙofa ake cire takalmi a wanke hannu. Ƙasa duk an shimfiɗe ta da soso mai launi, yaro ya faɗi ba abin da zai same shi. Kujeru da tebura ba su wuce gwiwata ba. An kafa madubi ƙasa-ƙasa daidai fuskar mai rarrafe. Akwai littattafai na yadi waɗanda ko an tauna ba sa yagewa. A kusurwa guda an yi wani ɗan rami an cika shi da ƙananan ƙwallayen roba. 'Yarki ta tsaya a bakinsa tana riƙe da wandona, can ta saki ta faɗa ciki, ta yi wata dariya da ban taɓa jin ta yi a gida ba. Ni ma na yi ta dariya, ni kaɗai namiji, ni kaɗai tsoho, cikin mata ma'aikata masu jakunkuna da wayoyi.

Malamar wurin matashiya ce 'yar ƙabilar Kona, mai fara'a, yara suna ce mata Anti. Tun a ƙofa ta manna wa kowane yaro takarda a ƙirji da sunansa a rubuce. Na ga ta 'yarki. Na karanta, na kau da kai.

Da aka ɗan jima sai ta ce a zauna a yi da'ira, kowa ya ɗora yaronsa a cinya. Ta ɗauko ɗan ƙaramin ganga tana bugawa tana waƙa, in ta zo kan yaro ta kira sunansa. Wannan ya waiwaya ya tafa, wancan ya ɓoye fuska yana dariya. Har wanda bai fara tafiya ba ya ɗaga kai.

Ta zo kanmu. Ta kira sau ɗaya, ta kira sau biyu, ta kira sau uku. 'Yarki tana ta juya jar ƙwallo a hannunta kamar da wani ake. Matar da ke kusa da ni ta ce "Ayya" a hankali. Na tsani wannan ayyar.

Bayan an tashi malamar ta durƙusa kusa da ni ta yi ƙasa da murya. Da Hausarta irin ta garin nan ta ce, "Baba, kar ka ji tsoro fa, amma yarinyan ka ya kamata yana juyawa in an kira shi. Ku kai asibiti a duba kunne."

Yarinyar da take jin ƙarar babur ɗin ubanta tun daga kan kwana, wai a duba mata kunne. Na ce, "Amarya." Nan take ta waiwayo, ta miƙo mini ƙwallon.

Malamar ta dube ni, ta dubi takardar ƙirjin. Ta ce, "To Baba, wannan fa? Ba sunan shi ba ne?" Na ce nata ne. Ta ce a gida wa yake kiran ta da shi. Na duba gidanmu kaf a zuciyata, ban sami ko mutum ɗaya ba. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da dariya ma ta yi, ta ce, "Haba Baba, yaron da ba a kira, yaya zai amsa? Kira mu ji."

Ba ta san abin da ta roƙa ba. Na zauna a kan soson nan, gwiwoyina suna ciwo, yara suna ta ihu ta ko'ina. Na yi niyyar in ce za mu gwada a gida. Sai na ga 'yarki ta juya mini baya tana kallon madubi, wuyanta irin naki sak, na tuna ƙofar asibiti.

Na kira. Ni kaina da kyar na ji muryata. Na sake kira da ƙarfi.

Ba ta waiwayo ba.

Na san dalili, ba ta san sunan ba ne kawai. Amma a lokacin ba haka na ji ba. Ji na yi na kira ki, karo na farko a rayuwata, kuma ba a amsa ba. Na sa hannun riga na share fuska na ce sanyin ɗakin ne ya shiga mini ido. Malamar ta yi mini kara, ta tashi ta ba ni wuri.

Tun ranar na fara kira a gida. Da safe in zan ba ta kunu, da yamma in ta nufi bakin murhu. Ranar farko da innarki ta ji, tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce, "Sai da ta mutu bakinka ya buɗe?" Ita har yau ba ta furta sunan ba, kuma ban matsa mata ba. Nata nauyin ya fi nawa, ita ta ɗauke ki wata tara ta miƙa wa wata.

Asabar ta uku muka koma. Aka yi da'ira, ganga ya zagayo. Malamar ta kira sau ɗaya tak, 'yarki ta ɗago kai, ta dafa ƙirjinta da tafin hannu. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na yi ta tafi har hulata ta faɗa ramin ƙwallaye, matan nan suna ta yi mini dariya, wata tana cewa kaka ya fi jika murna. Gaskiya ta faɗa. Tun da aka haife ni ban yi farin ciki irin na wannan safiyar ba.

A keke, muna komawa, farin cikin ya juye mini. Mako biyu kacal ya ɗauke ta ta san sunanta a bakina. Ke kin yi shekara ashirin da tara kina jira. Ban ce iyayenmu mugaye ba ne, sun ce kunya ce, kuma na yarda so ne suke ɓoyewa a ciki. Sai dai ni na ɓoye nawa har na rasa wadda zan nuna wa.

Ki yafe mini. Ban san ko kin taɓa jin haushi ba, domin ban taɓa ba ki wurin faɗa ba.

Allah ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Allah ya raya 'yarki cikin imani, ya ba ni kwanakin da zan kira ta har ta gaji da ni. Allah ya sassauta wa innarki. Ya kuma tara mu a inda ba a rabuwa. In ranar ta zo kika ji wata muryar tsoho da ba ki saba da ita ba tana kiran sunanki cikin taro, tawa ce. Ki daure ki waiwayo.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
daga Sintali, Jalingo.