Tsuwwar Ba Daga Amfilifaya Take Ba

Lahadi, 1 ga Yuli, 2018

Mun tashi daga wasa kafin isha'i. Ina naɗe waya Shomari, shugaban ƙungiyarmu, ya tsaya a kaina. Wai jitata yau yanka kunne take yi. A gaban kowa ya faɗa. Kombo mai kaɗa bes har da ƙari: "Shemeji, kiɗa muka zo yi ko suyar kifi?" Ƙanin matata ne, shi ya sa bakinsa ba shi da linzami a kaina. Aka yi dariya, ni ma na yi.

Da suka fita na duba fuskar amfilifayar. Maɓallin tirebul, mai kaifafa sauti, yana kan takwas. Shekara goma sha tara a kan biyar yake zama. Bes huɗu, na tsakiya shida, amsa-kuwwa uku, tirebul biyar. Ko a mafarki aka tashe ni zan faɗe su. Boliyom ma ya wuce inda nake barinsa.

Wa ya murɗa? Ba mai taɓa min kaya. Kowa a Tanga ya sani.

Talata, 3 ga Yuli

Na mayar da tirebul biyar a gida, na kaɗa. Kamar an lulluɓe akwatin da bargo. Na kai shida, bakwai. Sai a takwas jitar ta dawo tawa. To ni ne na murɗa ke nan. Yaushe?

Lasifikar ce ta tsufa. Dole ita ce.

Laraba, 4 ga Yuli

Akwai wata tsuwwa siririya. Na kashe amfilifaya, tana nan. Na zare waya daga bango, tana nan. Na fita tsakar gida, ta biyo ni.

Juma'a, 6 ga Yuli

Bayan masallaci na ɗora amfilifayar a bajaji, keke mai ƙafa uku, zuwa Ngamiani, wurin Mhando mai gyara. Na ce masa lasifikar ta mutu ta sama, ya canza min. Ya buɗe baya, ya hure ƙura, ya fesa wa maɓallan mai, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murɗawa, kunnensa a jikin ragar. Ya taka abin sauya sauti, ya koma mai tsabta, ya koma mai gurnani. Ya daɗe.

"Mzee, wannan tsohuwar ta fi ni lafiya," in ji shi.

Na ce ya sake dubawa. Sai ya jona wata na'urarsa mai fitar da sauti guda ɗaya, ya fara daga mai kauri yana hawa sama. Ina ji, ina ji, sai ya yanke. Na buɗe baki zan ce ka ga ni, ga inda take mutuwa. Sai na ga Mhando ya yamutse fuska, ya toshe kunne ɗaya da yatsa. Matar da ke soya fanken mandazi a ƙofar shagon ta leƙo: "Fundi mai gyara, don Allah kashe mana wannan abin!"

"Ka ji ta ko? Har can sama take kaiwa, ba gargada."

Na ce na ji.

A bajaji na rungume akwatin a cinya. Direban yana ta ba ni labari, ban san me ya ce ba, na dai riƙa cewa haka ne.

Asabar, 7 ga Yuli

Ban gaya wa matata Mwanahawa ba. Ta tambayi abin da mai gyara ya ce, na ce ƙura ce.

Litinin, 9 ga Yuli

Ban yi niyyar bi ta Makorora ba, ƙafa ce ta kai ni. Dattijo Mzee Hemedi yana kan dakalin ƙofar gidansa kamar kullum. Shi ya ɗora min yatsu a kan jita ina ɗan shekara goma sha huɗu. A zamaninsa in ya kaɗa a Pangani, masu jiragen ruwa jinkirta tashi suke yi. Yau shekara tara ke nan ba ya jin komai.

Na durƙusa na ce shikamoo, gaisuwar da ake yi wa manya. Ya amsa da ƙarfi kamar yana kiran wani a tsallaken kogi. Surukarsa ta kawo masa shayi, ta daki kafaɗarsa, ta nuna kofin, ta nuna bakinta. Kamar yadda ake yi wa akuya. Ba mugunta ba ce, gajiya ce. Mutum biyu suka zauna kusa da shi suna hirar ƙwallo ta saman kansa, shi kuma yana murmushi yana gyaɗa kai a inda bai dace ba.

Wannan gyaɗa kan. Irinsa na yi wa direban bajaji.

Ya riƙe hannuna na hagu, ya shafa kantar yatsuna, ya yi ihu: "Kana yi har yanzu!" Na gyaɗa kai. Ban sha shayin ba.

Laraba, 11 ga Yuli

Mwanahawa ta tafi kasuwa, na kulle ƙofa. Akwai kafar hedifon a gaban amfilifayar, ban taɓa sa mata komai ba sai yau. Na ɗauko na 'yata Zuhura da ta bari da ta koma makaranta. Na mayar da komai inda yake a da, na ɗora a kunnen dama kaɗai, na taɓa siririyar tsirkiya can ƙasan wuyan jita. Tana nan, amma da nisa, kamar daga gidan maƙwabta. Na mayar hagu.

Na ga yatsana ya taɓa. Na ji ta a fatar yatsan. Shi ke nan.

Na ɗauka hedifon ɗin ne. Na juya shi, ɓangaren da na ji da shi na ɗora a hagu. Na yi sau shida. Na ƙure tirebul har goma, na ƙara gen, mai sa gurnani, har sautin ya fara tsagewa. Abin da ya iso kamar ƙuda a cikin kwalba.

Hagu shi ne gefen da akwatin yake tsayawa a bayana tun ranar da na saye shi.

Ya Allah. Shekarata hamsin da biyu. Ban iya komai ba sai wannan.

Alhamis, 12 ga Yuli

A wurin gwaji na makara shiga sau biyu. Ashe da ƙaramin faifan mai ganga nake ƙirga, wannan cas-cas ɗin, yanzu kuma babu shi. Na koma kallon hannunsa. Na ce masa shi ne yake ja da baya. Yaron kirki ne, ya ba ni haƙuri. Hakan ya fi min ciwo.

Asabar, 14 ga Yuli

Bari in rubuta yadda ya faru, ko zai fita daga kaina.

Bikin aure ne a Chumbageni, da la'asar, a zaure mai rufin kwano. Mutum ya fi ɗari uku. An ci shinkafar pilau, amarya ta shigo, Shomari ya ɗaga min gira, wato lokacina ya yi. Ban ji kaina sosai ba, sai na kai hannu baya na ƙara boliyom, na ƙara tirebul, na ja da baya kusa da akwatin. Na rufe ido kamar yadda na saba.

Sai tsuwwa ta tashi. Na ji ta. Wallahi na ji ta. Amma na ɗauka tawa ce, ta cikin kaina, wadda take bina kwana goma. Na ce a raina yi abinki, ba za ki hana ni ba. Na ci gaba, har daɗi nake ji, yatsuna suna gudu kamar na saurayi.

Ban san tsawon lokacin ba. Sauti ya ɗauke dif. Na buɗe ido, Kombo yana tsugune a bayana, hannunsa a kan makunni. Zauren duka hannu a kunne. Jarirai suna tsala kuka. Wata tsohuwa, kakar ango aka ce, ana fita da ita a riƙe. Amarya ta sunkuyar da kai. Ashe jitar da lasifikar ne suka kama kuka da juna, irin kukan da ko ɗan koyo yake kashewa kafin ya numfasa.

Kuma ni ina murmushi. Kombo bai yi min ba'a ba. Kallona kawai ya yi. Na gwammace ba'ar.

Lahadi, 15 ga Yuli

Shomari ya aiko: in huta yau. Wani daga Muheza zai riƙe min. Riƙewa.

Talata, 17 ga Yuli

Ban fita ba kwana uku. Na juya fuskar akwatin bango. Da asuba nakan kwanta in lissafa abin da nake ji: zakara, kiran salla, tsintsiyar maƙwabciya. Tsuntsayen bishiyar mangwaro ban san ko sun daina zuwa ba ne. Tsoron tambaya nake yi.

Laraba, 18 ga Yuli

Mwanahawa tana kankare kwakwa a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Baban Zuhura, jibi za mu asibiti."

Na ce wa ba shi da lafiya?

"Shekara guda ke nan ina zagayowa ta damanka in zan yi magana. Kai kana tsammanin son wannan kafaɗar nake yi?"

Na tashi da faɗa. Na ce ita da ƙaninta sun haɗa baki, so suke su zaunar da ni a dakali. Na faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ta bari na gama, ta share hannu a zaninta, ta ce, "Rediyon gidan nan har layi na uku ake jin labarai. Na yi shiru don ina jiran ka faɗa da bakinka. Ranar Asabar ka faɗa wa mutum ɗari uku, ni ce kawai ba ka faɗa wa ba."

Sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ashe ita ma tsoron take ji. Ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Juma'a, 20 ga Yuli

Ƙaramin ɗaki, hedifon, in ɗaga hannu in na ji. Na zauna da hannu a cinya ina ganin likitar tana danna abu, na san akwai sautin da ke wucewa ba ni a ciki.

Hagu: abin da ya tafi ba zai dawo ba. Dama: ya fara, amma ana iya tsare saura. Ta tambayi sana'ata, na faɗa, ta ajiye biro. Na jira ta ce in bari. Ba ta ce ba. Ta ce in rage ƙara, in toshe kunne in ina wasa, in daina tsayawa a bakin lasifika, in dawo bayan wata shida. Na ce in na yi haka ba zai ƙaru ba? Ta ce ba za ta yi min alkawari ba.

Wata shida.

Laraba, 25 ga Yuli

Kombo ya zo ba sallama, kamar gidan ubansa. Ya juyo da akwatin, ya ɗora shi a kan kujera ta gefen damana, ya karkata shi sama ya kalli kaina maimakon ƙafafuna. Ya nuna min wata kafa a baya. "Wannan kana tsammanin ado ce? Waya za mu ja daga nan zuwa mikisa, na'urar haɗa sauti. Manyan lasifikoki su ciyar da zaure, wannan kuma taka ce kai kaɗai, a hankali."

Ya ce in kaɗa. Ya koma bakin ƙofa yana saurare, ya dawo ya murɗa, ya koma. Ya rage gen, ya sauke tirebul zuwa huɗu da rabi, ya ɗaga na tsakiya har bakwai, wai nan ne kunnena yake da sauran ƙarfi. Ya yanko farin salatif ya manna a gefen kowane maɓalli.

Na ce sautin kamar ana kiɗa a cikin rijiya.

"A kunnenka. A nawa kuwa kai ne sak, Kibwanan da ya sace min yaya."

Na ce in ya yi ƙarya fa? Ta yaya zan sani?

Ya daina dariya. "Ba za ka sani ba, shemeji. Sai dai ka yarda."

Abin da ya fi tsorata ni ke nan tun farkon lamarin. Mutum ya tsaya gaban jama'a yana fitar da sautin da wani ne yake ji masa.

Shi ya je wurin Shomari. Ban san me suka yi ba. Lahadi ina ciki.

Asabar, 28 ga Yuli

Na kasa cin tuwon ugali. Na gwada abin toshe kunnen, na ji bugun zuciyata.

Lahadi, 29 ga Yuli

An yi. Ba zan ce ya yi daɗi ba, don ban ji rabinsa ba. Gumi har cikin takalmi. Sau uku hannuna ya tafi wurin maɓallin, sau uku ya tarar da salatif ya dawo. Ba wai na yarda da kunnen Kombo ba ne. Hannun ne yake da aiki.

Ban rufe ido ba ko sau ɗaya. Ashe haka mutane suke yi in ina kaɗawa. Akwai wani dattijo mai sanda da ya miƙe ya ba wa na kusa da shi sandar.

Tsuwwar tana nan. Yanzu ma da nake rubutu tana nan. Ina jin tsoron watan Janairu.

Da muka tsaya hutu wata mata ta hau dandamali za ta roƙi waƙa, ta kawo bakinta ta hagu tana magana. Kafin in yi tunani na kama kafaɗarta na juyo da ita, na ce, "Dada, 'yar'uwa, zagayo ta nan, wancan ya yi ritaya." Ta yi dariya, ta zagayo, ta faɗa. Mai ganga yana wurin, Shomari ma. Ba wanda ya ko ɗago.

Na yi mata waƙar.