Ranar da Jarell Bai Cafe Ko Ɗaya Ba

Houma, Louisiana
Litinin da safe

Zuwa ga mijina Alvin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a can tsakiyar teku. Yaya aikin haƙar man, yaya kuma ciwon bayan? Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma da sauƙi.

Kada gabanka ya faɗi, ka dai karanta har ƙarshe. Mutumin jami'ar nan mai neman 'yan wasan ƙwallon Amurka, wanda ake jefawa a cafe da hannu, ya zo kallon Jarell ranar Juma'a, ka kuma san in ba su ɗauke shi ba, karatun nan ba mu da halinsa. To ɗanka, wanda duk makarantar ke taƙama da hannunsa, har aka tashi bai cafe ƙwallo ko ɗaya ba. Tun farawa masu tsaro biyu na abokan karawa suka manne masa kamar kaska, mai jefa wa 'yan ƙungiyarmu ƙwallo kuwa ko kallonsa bai yi ba. Ɗan gidan Guidry ya yi ta jefa wa, yaron da ko kofi ka miƙa masa sai ya saki.

Mun ci wasan, kowa na murna, ni kuwa zuciyata na tafasa. Na tare koci a bakin fili na ce, "Koci, yau ɗin ka ga damar mayar mini da ɗa ɗan kallo?" Ya ce, "Madam Loretta, je ki gida ki huta." Ranar ko miyar gumbon da na dafa ban iya ci ba.

Jiya bayan coci sai ga mutumin jami'ar a ƙofarmu. Ashe ba cafewa ya zo gani ba, wannan ya sha ganinta a bidiyo. So yake ya ga halin yaro in ya san ƙwallon ba nasa ba ne. Ya ce sau arba'in da ɗaya Jarell ya fita a guje iya ƙarfinsa, yana janye mutum biyun nan gefe, shi ya sa ɗan Guidry ya samu fili. Wai da yawa in an hana su ƙwallo sai su kumbura baki su fara jan ƙafa.

Alvin, sun ɗauke shi, karatu da ɗaki da abinci duk a kansu. Na shige kicin na yi kuka son raina. Yanzu ban san da wane baki zan ba koci haƙuri ba.

Jarell da Mama suna gaishe ka. Ka kula mini da kanka.

Matarka,
Loretta