Agogon Kada

Litinin, 3 ga Maris

Abokina Kada ya zo shago, ɗan ƙanensa ya ajiye shi a babur. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana walda a ƙarƙashin jiragen ruwa, yau tattaki daga bakin titi zuwa bencina sai da ya huta a hanya. Huhu ne, in ji likitoci.

Ya kwance agogonsa ya ajiye mini. Agogon ya tsaya tun makon jiya. "Mai agogo, ka tashe shi. Babban ɗana zai zo ƙarshen wata, shi zan ɗaura wa." Na ce an gama. Hannuna na dama yana cikin aljihu har ya tafi.

Alhamis, 6 ga Maris

Na buɗe shi. Tsohon agogon nutso ne na gaske, irin na farko-farko, wanda zoben saman fuskarsa yake juyawa ko ta ina. Daga baya ne masu ƙira suka yi dabarar zoben da ba ya juyawa sai gefe guda, don ko mutum ya buge shi a ƙasan ruwa, kuskuren ya sa shi fitowa da wuri, ba ya zauna har iskarsa ta ƙare ba. Ina da irinsu cike da akwatin gilashi, na tara su tun ina saurayi, ni da ko rafi ban taɓa shiga ya wuce gwiwata ba. Kada kan ce ni ne kaɗai kifin da ya sani da ke tsoron ruwa.

Robar murfin ta bushe, danshi ya shiga. Aikin yini ɗaya ne. A da.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙaramin noti ya kuɓuce daga hantsaki. Na yi ta rarrafe a ƙasan tebur har mai shagon gilashin ido na kusa ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Laraba, 12 ga Maris

Uwargida ta gani. Shayi ne ya tona ni, kofi yana ta ƙara a kan faranti don rawar hannuna. Sai da na gama ta tambaye ni. "Malam, tun yaushe?" Na ce sanyi ne. Ta ce sanyin da ya zaɓi hannu ɗaya ya bar ɗaya?

Ta kira 'yarmu Auta a waya, tana tsammanin ba na ji. Auta malamar jinya ce, don haka an gama yanke mini hukunci tun kafin in ga likita.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban buɗe shago ba, amma na shiga na rufo ƙofa. Na fito da agogunan da na tara ɗaya bayan ɗaya na wana su. Wanin ma yanzu sai na dafa gwiwar hannu a tebur.

Akwai wani mai baƙar fuska da na fi so, lambobinsa sun koma ruwan ƙasa don tsufa. Fentin da aka shafa musu don su yi haske a duhu guba ne. Matan da suka yi aikin a masana'antu sukan gyara bakin burushi da leɓensu, da yawa ciwo ya ci haƙoransu da ƙashin muƙamuƙinsu. Shekara da shekaru ina ba masu saye wannan labari kamar tatsuniya. Yau na daɗe ina kallon lambobin, ban ji daɗinsu ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Na lalata agogon Kada.

Na wanke komai, na sa mai, saura in mayar da ɗan sifirin nan mai kamar gashi, wanda shi ne numfashin agogo. Na jira hannun ya lafa, na riƙe numfashina kamar yadda maigidana ya koya mini. Ina sauke shi hannun ya fizga. Sifirin ya lanƙwashe, ya cukurkuɗe. An daina ƙera irinsa tun kafin a haifi Auta. Na duba nawa kaf ko akwai wanda zan cire wa, babu wanda ya yi daidai.

Na zauna. Wani ya zo canjin batir, na ce masa mai shagon ba ya nan.

Talata, 25 ga Maris

An kwantar da Kada. Ɗaki mai gado shida, robar iska a hancinsa. Yana ganina ya kalli hannuna, ba fuskata ba, yana neman agogon. Na so in ce ana jiran kayan gyara. Bakina ya ƙi. Na fito da hannun na ɗora a kan bargonsa, ya yi ta rawarsa a gabanmu mu biyu, na faɗa masa abin da ya faru.

Sannan ya ɗora nasa hannun a kan nawa ya danne. "Ashe kai ma ruwa ya shige ka." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Da zan tafi ya ce in haɗa shi haka nan in kawo. "Yaron ba lokaci zai duba ba."

Laraba, 2 ga Afrilu

Kada ya rasu jiya da hantsi. Ɗan nasa yana hanya, bai riske shi ba. Allah ya jiƙansa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na kai agogon gidan. Mayar da murfin kawai ya ci mini safiya guda. Ɗan ya karɓa da hannu biyu, ya kara a kunne, ya ji shiru. Ya ce, "Baba, ko a can inda nake aiki za a iya gyarawa?" Na ce wataƙila. Ya ɗaura shi, madaurin ya yi masa yawa, ƙashin uban ya fi nasa kauri. Ya yi ta godiya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Auta ta kai ni wurin likitan jijiya. Ya sa na taɓa hancina, na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo. Ya ce magani yana rage ciwon, ba ya tsayar da shi. Ya tambayi sana'ata, na faɗa, ya sunkuyar da kai yana rubutu.

Litinin, 28 ga Afrilu

Rubutuna ya ƙanƙance, ni kaina da ƙyar nake karantawa.

Wani mutum ya kawo agogon kakansa, na nutso, mai kyau, ban taɓa riƙe irinsa ba. Na sa gilashi a ido na duba shi ta waje kawai. Na ba shi tarihinsa, na nuna masa yadda kan wanin yake ɗaurewa kamar noti don hana ruwa shiga. Sannan na kwatanta masa shagon wani mai gyara a bayan tashar mota, na ce ya ce ni na aiko shi. Hannun mai gyaran yana da kyau, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

Ba wai na daina ba ne. Yau ɗin ce dai.

Da safe uwargida ta tsaya a gabana ta ɓalla mini maɓallan riga, tana ba ni labarin maƙwabta kamar ba abin da take yi. Na bar ta.